Ƙullin Gamba a Mararraba

A zamanin da Sarki Tunau yake riƙe da Birnin Sarmako, abokin gabarsa ɗaya ne, Sarkin Dankalwa na ƙetaren kogi. Kakanninsu sun gwabza, iyayensu sun gwabza, su ma suka gada.

A shekarar da ake magana damina ta yi kyau. Dawa ta nuna, ana wasa lauje. Sai wata safiya manzo ya iso fada a kan doki mai kumfa, ya faɗi gaban Sarki.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Dankalawa sun ƙetaro. Suna cikin duwatsun Rukuki a ɓoye, ba wuta, ba ganga. Mafarauta ne suka ga sawun dawakinsu."

Sarki ya sa aka buga tambari, majalisa ta hallara. A safiyar nan kuma an ga abin da ba a saba gani ba. Balbelu sun sauka a kan soron fada, fari fat, alhali babu garke kusa. Sarki ya tambayi Liman. Liman ya ce, "Tsuntsun shanu ne, ranka ya daɗe. Abin da ke tafe, da shanu zai zo. Ko alheri ne ko akasinsa, wannan ban gani ba."

Madawaki Gagare, wanda rundunar dawaki ke hannunsa, ya gyara zama. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar shawara.

"Zaki, doki ba ya hawa Rukuki. In muka shiga, 'yan bakansu su tsince mu ɗaya bayan ɗaya. In muka zauna, su jira mu cika rumbuna su sauko su ƙone. Sai dai su fito da ƙafarsu zuwa Fadamar Gauraka, inda barade za su saki linzami. Mayaƙin da ya daɗe cikin dutse da yunwa, abu ɗaya ke fito da shi. Liman ya riga ya faɗe shi."

"Shanun wa?" in ji Sarki.

"Rugar Arɗo Pate na shirin tashi."

Kowa a zauren ya san Arɗo Pate. Kowace kaka yakan sauko da mutanensa daga mashekarin damina zuwa gonakin gabas. Shanu su ci kara, su bar wa manoma taki, mata su shigo birni da nono. In ruwa ya sauka su koma arewa. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Kowa kuma ya juya ya dubi Galadima Mayana. Yana saurayi an sare shi a wani yaƙi, aka bar shi cikin gawarwaki. Pate ne ya tsince shi, ya ɗora shi a kan takarkari, watau san da ke ɗaukar kaya. Damina guda ya yi a rugar, yana tashi in sun tashi, yana sauka in sun sauka, har ƙafarsa ta warke.

Galadima ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Hanyar Arɗo ba ta bi ta Gauraka. Daga mararrabar tsamiya gabas yake yi. In ana son shanu, a kira shi a gaya masa. Maza su koro garke, mata da yara su tsaya baya."

Madawaki ya yi dariya. "Angon Fulani ya yi magana. Galadima, Dankalawa ba yara ba ne. Garke ba mata, ba ƙwarya, ba maruƙa, ai ko makaho ya san tarko ne. Kuma wane Bafulatani ne zai kai saniyarsa bakin mashi don an roƙe shi? Ya fi sauƙi ya ba ka ɗansa."

"To ka bar su."

"In bar su, ka ciyar da birni da nono in an ƙone rumbuna?"

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Galadima, ka zauna da mutanen nan. Yaya ruga ke sanin hanya ranar tashi?"

Galadima ya kawar da kai.

"Da kai nake."

"Akwai garso, ranka ya daɗe. Shi ne mai shiga gaba ya duba ruwa da ciyawa. Duk inda hanya ta rabu yakan ƙulla kan gamba, ya karkata shi inda za a bi. Masu zuwa baya ba su tambayar kowa. Ƙullin suke bi. Kowane gida da irin nasa, ba su nuna wa bare."

"Amma kai an nuna maka."

"An nuna mini."

Sarki ya ce, "To ga hanya biyu. Ko ka je ka juya ƙullin, su shiga fadama da kansu, barade na kusa. Ko Madawaki ya aika dogarai su koro su da bulala, wanda ya yi gardama a ɗaure shi. Ƙasa ba za ta ƙone saboda ruga ɗaya ba. Zaɓi naka ne."

Galadima ya dubi Madawaki. Sannan ya ce, "Zan je, amma sai Madawaki ya rantse gaban Liman. Da zarar dokin farko na Dankalwa ya taka fadama, ya busa ƙaho."

Madawaki ya rantse. Ya rantse da sauri, kamar mai biyan gaisuwa.

Washegari Galadima ya hau shi kaɗai zuwa mashekari, don ya san ranar tashi. Ya tarar an fara kwance bukkoki. Mata na wanke ƙwarya suna jerawa, maza na duba igiyoyin maruƙa. Arɗo Pate na zaune a kan buzu, dogo, siriri, sandarsa a kan gwiwa.

"Kaɗo! Birni ya kore ka ne, ko ƙamshin man shanu ya jawo ka?"

"Na zo in ga ko har yanzu kana kwana ƙarƙashin kara kamar zomo."

"Zomo ya fi wanda ya gina wa kansa kabari da ƙasa ya shiga tun da ransa. Zauna. Daso, ga gurgunki ya zo."

Daso, matar Arɗo, ta fito da ƙwaryar kindirmo. Ita ce ta yi jinyar ƙafarsa a da. Ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba.

"Galadima guda, ko ɗan goro babu? Rawani ya yi girma, hannu ya ƙanƙance."

"Na yi mantuwa, Inna."

"Sha dai. Ka rame. Matan birni ba su iya ba miji abinci ba, sai turare."

Ya karɓa ya kai baki. Ya kurɓa kaɗan. Ya ajiye ƙwaryar.

"Yaushe za ku tashi?"

Arɗo ya ce, "Wancan ya riga ya yi gaba." Ɗansa na fari yake nufi, Dikko, wanda shi ne garso. Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari. "Gobe in raɓa ta bushe mu bi shi. Matarsa da 'ya'yansa suna nan tare da mu. An ce gonarka ta gabas ta yi kara. A nan zan fara sauka, in ba ka hana ba."

"Ban hana ba."

"Lafiya dai? Ka yi shiru kamar an aiko ka karɓar jangali."

Nan ne wurin faɗa. Kalma kaɗan ta isa. Galadima ya buɗe baki, ya tuna dogarai da bulala, ya tuna rumbuna, ya tuna rantsuwar Madawaki. Ya ce, "Ƙafar ce. Takan motsa in sanyi ya kusa."

Daso ta ɗebo man shanu a ɗan ƙoƙo ta ba shi. "Ka shafa da ɗumi. Kada ka ba matanka su yi miya da shi."

Daga nan bai koma birni ba. Ya bi sawun Dikko har mararrabar tsamiya. Ga ƙullin nan a kan gamba, sabo, ya karkata gabas. Ya sauka daga doki. Ya kwance shi, ya miƙar da ciyawar da tafin hannu har ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Ya tsallaka ɗaya gefen, ya kama wata gamba, ya naɗa sau biyu, ya sa kan ta ƙasa, ya ja. Hannunsa bai manta ba. Ya karkata ƙullin yamma, wajen Gauraka. Ya ƙara wasu a gaba, har bakin fadama.

Da gari ya waye barade na cikin kurmin da ke kudu da fadamar, dawaki a ɗaure da baki don kada su yi haniniya. Madawaki da Galadima suka hau wani ɗan tudu suka kwanta a bayan dutse. Daga nan ana ganin fadama duka, da duwatsun Rukuki a can gefe.

Hantsi ya ɗaga, garke ya ɓullo. Farare ne, masu dogon ƙaho, suna tafe a natse bayan makiyayansu. Bayansu takarkarai ɗauke da karan bukka da tabarmi, ƙwarya a ɗaure cikin raga tana ƙyalli. Mata na gefe da goyo. Tsofaffi na kan jakuna. Babu wanda ya waiga. Sun ga ƙullin gidansu, sun bi.

Sai duwatsu suka motsa. Dawaki suka fara gangarowa.

Galadima ya ce, "Ga su nan. Busa."

"'Yan gaba ne. Sarkin yaƙinsu bai sauko ba."

"Dokin farko ka ce."

"In na busa yanzu su koma dutse, mu tashi a banza. Bari su cika hannu."

"Gagare, ka rantse gaban Liman."

"Na rantse zan fito, zan kuwa fito. Kwantar da kanka ƙasa, za su hango rawaninka."

Galadima na da nasa mutanen a cikin kurmin, bayin gidansa da 'ya'yan 'yan'uwansa. Da ya miƙe ya ɗaga takobi, da sun fito, da sauran sun biyo su ko Madawaki ya so ko bai so ba. Amma dokar Sarmako ita ce, wanda ya riga ƙahon Madawaki a fagen fama, a tuɓe masa rawani, gidansa ya fita daga sarauta har abada. Galadima ya san dokar. Ya ɗora hannu a kan takobi. Bai miƙe ba.

Ya ga komai. Ya ga samarin ruga sun tsaya da sanduna da 'yan bakunansu a gaban dawaki. Ya ga garke ya watse. Ya ga takarkari ya faɗi, ƙwarya na gangarawa cikin ciyawa. Ya ga ana ɗaga yara ana ɗorawa a gaban sirdi. Ya ga wata tsohuwa ta riƙe igiyar santa ta ƙi saki, mahayi ya juyo kanta. Daga nesa ne, amma ya san tsayuwarta.

Sai da tutar sarkin yaƙin Dankalwa ta kai tsakiyar fadama, mayaƙansa sun rarrabu kowa na kora abin da ya kama, sannan Madawaki ya ɗaga hannu. Ƙaho ya tashi.

Abin da ya biyo baya bai daɗe ba. Baraden Sarmako suka fito a jere, masu lifidi a gaba, suka raba Dankalawa biyu, suka tare hanyar dutse. Wanda hannunsa ke riƙe da igiyar saniya bai iya zare takobi ba. Sarkin yaƙinsu ya faɗi a bakin rafi, aka ɗauke tutarsa. Galadima ya yi sara a ranar kamar mai neman a kashe shi, ba a kashe shi ba. Amma waɗanda suka fara isa ga mata sun riga sun yi nisa. Suka ƙetare kogi da abin da suka ɗauka. Matar Dikko da 'ya'yansa na ciki.

Daso kuwa a nan fadamar aka binne ta.

Birni ya yi murna. Aka yi ta kiɗa, maroƙa na kirarin Madawaki. A gaban majalisa Sarki ya yafa wa Galadima alkyabba, ya ce, "Takobi na Madawaki ne, amma dabara taka ce." Galadima ya faɗi ya yi godiya, don haka ake yi.

Ana cikin haka Sarkin dogarai ya shigo ya ce Arɗo Pate na ƙofa. Aka ba shi izini. Ya shigo da sandarsa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, bai rage komai ba. Idonsa a bushe.

Sarki ya ce, "Arɗo, mun ji abin da ya same ku, mun yi baƙin ciki. Shanun da aka ƙwato naka ne, ba za a sa su cikin ganima ba. Jangali kuma an ɗauke maka."

"Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Shanu sun riga sun dawo, sun san muryarmu. Sallama na zo yi."

"Ina za ka? Gonaki na jiran ka."

"Inda ciyawa take, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu cikin riga ya fito da wani abu, ya ajiye a bakin shimfiɗar Sarki. Kan gamba ne, a ƙulle.

"Mene ne wannan?"

"Ciyawa ce. A mararraba na yanko ta. Na nuna wa mai shiga gabanmu, ya ce ba hannunsa ba ne. Amma ƙullin gidanmu ne, babu kuskure a ciki. Wanda ya koyar da shi ya koyar da kyau. Laifin nasa ne."

Bai dubi Galadima ba, ko sau ɗaya. Ya yi sallama ya fita.

Ba rugar Pate kaɗai ta tashi ba. Labari ya bi burtali, hanyar shanu, daga ruga zuwa ruga. Kafin a gama girbi babu bukka ko ɗaya a ƙasar Sarmako. Kara ya tsaya a gonaki ba mai ci. Nono ya ɓace a kasuwa. Hakimai suka zo da wani kukan da ya fi wannan: da, duk baƙon dokin da ya ratsa daji, kafin ya sha ruwa wata mai tallan nono ta kawo labarinsa gari. Yanzu daji ya yi shiru, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Sarki ya kira Galadima. "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Bi su. Ka yi musu alkawarin duk abin da suke so. Madawaki zai tsare bakin Rukuki da runduna har ka dawo."

Galadima ya bi kashin shanu da turɓayar kofato zuwa arewa. A mashigin kogi ya cim musu. Garke ya riga ya ƙetare, ana jin kukan maruƙa a ɗaya gaɓar. Arɗo ne kaɗai ya rage, yana tsaye a kan yashi yana duban na ƙarshe su fita daga ruwa.

Galadima ya sauka. Ya cire takalmi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba sai Sarki.

"Pate."

"Ranka ya daɗe, Galadima. An zo lafiya? Ya gajiya? Ya mutanen gida?"

"Kada ka gaishe ni haka. Zage ni. Ga wuyana, ga sandarka."

"Sandar kiwo ce."

"Ni ne na..."

"Ban tambaye ka ba." Arɗo ya ɗaga hannu. "Abin da kake ɗauke da shi, kada ka sauke mini. Kayana sun ishe ni."

 Ruwa na wucewa.

Galadima ya ce, "Sarki ya ce ku dawo. Fadama taku, rijiyoyi naku, ba jangali har jikoki."

"Ka gaya masa mun gode. Mutanena ba su iya bin hanya yanzu. Kowace mararraba sai mata su tsaya, su ƙi gaba, sai namiji ya je ya dawo ya rantse. Tafiyar da muke yi kafin azahar yanzu sai la'asar. Wannan Sarki ba shi da maganinsa."

Ya juya zai shiga ruwa, sai ya tsaya. Ya yi magana, bayansa ga Galadima.

"Ta ce in na gan ka in tambayi ƙafar. Tun a hanya ta faɗa, kafin mu kai mararraba. To na tambaya."

Arɗo ya ci gaba.

"Saura ɗaya. Saboda ita zan faɗa, ba saboda kai ba. Wancan ba ya tare da mu. Ya je Dankalwa neman iyalinsa. Sarkinsu ya ce ba ya son shanu, ba ya son fansa. Hanya yake so."

"Wace hanya?"

"Akwai wadda muke bi da maruƙa in ruwa ya janye, ta cikin dausayi. Ba ta bi ta Rukuki. Tana fita bayan gonakin gabas. Doki na wucewa in an san inda za a taka, shi kuwa ya sani."

"Ka bar shi ya tafi?"

"Ban aike shi ba. Ban kuma hana shi ba. 'Ya'yansa ne."

"Yaushe?"

"Ya riga ka."

Arɗo ya ɗage rigarsa, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya shiga ruwa. Bai waiga ba.

Galadima ya bar takalman a kan yashi ya haye doki. Ya yi ta sukuwa kudu, ba ya tsayawa sai dokin ya nemi faɗuwa. Runduna duka na bakin Rukuki, yamma da birni, suna fuskantar duwatsun da babu kowa a ciki. In ya isa kan lokaci a juyo da su.

Da ya hau tudun da ake hango ganuwar Sarmako, ya ja linzami. Birni na nan yadda ya bar shi, ƙofofi a buɗe, mata na fita ɗiban ruwa. Amma a gabas, inda aka gama cika rumbuna, hayaƙi ya tashi wuri guda. Yana kallo ya tashi a wani wurin, sannan a wani, yana matsowa.